Faris ko Nansi: ina za a je a ga Faransar kafin yaƙin 1914?

Ƙanwata malamar tarihi ce a wata makarantar sakandare. A bana aka tura ta taron ƙara wa juna sani a Faris, aka bar musu kwana biyun ƙarshe kowa ya yi abin da ya ga dama. Ta kira ni bayan isha'i. "Yaya, kai da ka sha zaman ƙasar nan, ina zan je in ga zamanin da nake koya wa yara a aji, wanda Faransawa ke kira Belle Époque? Wata ta ce in yi zamana a Faris, wani kuma ya ce in hau jirgi in tafi wani gari wai shi Nansi." Na ce ta ba ni zuwa safiya. Amsar da na rubuta mata ce na faɗaɗa a nan, saboda na lura ɗalibanmu da ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa kan sami irin wannan rarar kwana ɗaya ko biyu, su ƙarar da ita a kantunan turare.

Ma'anar sunan ita ce "kyakkyawan zamani", kuma waɗanda suka rayu a cikinsa ba haka suke kiransa ba. Sai da yaƙin duniya na farko ya cinye sojojin Faransa kusan 1,400,000 tukuna waɗanda suka yi saura suka waiwaya baya da kewa, suka raɗa masa suna. Ana lissafa shi daga 1871, bayan Jamus ta lallasa Faransa, zuwa watan Agustan 1914. Shekara 43 ke nan ba a yi yaƙi a cikin ƙasar ba, kuma kuɗinsu bai motsa ba: tsabar zinariya ta faran 20 da kaka ya ɓoye, nauyinta ɗaya da wadda jika zai karɓa a banki. A cikin waɗannan shekarun aka mayar da firamare kyauta kuma tilas a 1881 da 1882, Louis Pasteur ya gwada rigakafin cizon mahaukacin kare a 1885, 'yan'uwan nan biyu Lumière suka nuna majigi ga masu biyan kuɗi ranar 28 ga Disamba 1895, Marie da Pierre Curie suka gano sinadarin radiyom a 1898, Louis Blériot ya ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da jirgin sama a 1909.

Duka garuruwan biyu suna riƙe da ragowar wannan zamani, amma ba abu ɗaya suke nunawa ba. Faris zaure ce, inda maigida ya shimfiɗa mafi kyawun darduma don baƙi su gani su je su ba da labari. Nansi tsakar gida ce da ɗakin uwargida, inda ake ganin gadon da ake kwana a kai da fitilar da ake kunnawa. Zaɓin ya dogara ga wanne kake son gani, da yawan kwanakin da ke hannunka.

Mu fara da zaure. Da yawa daga cikin manyan gine-ginen zamanin a Faris bikin baje koli ne ya haife su. Hasumiyar Eiffel an gina ta ne don baje kolin duniya na 1889, cikar shekara 100 da juyin juya halinsu: mita 300, yankan ƙarfe 18,038, ƙusoshi kusan miliyan 2.5, cikin shekara biyu da wata biyu da 'yan kwanaki. Manyan marubuta da masu zane na lokacin sun sa hannu a takardar ƙorafi cewa za ta ɓata fuskar birni. Izinin shekara 20 aka ba ta, wayar iskar da soja suka kafa a kanta ce ta hana a kwance ta. Baje kolin 1900 ya fi wancan girma, mutane kusan miliyan 50 suka shiga, a ƙasar da yawan al'ummarta bai kai miliyan 40 ba. Shi ya bar Grand Palais mai rufin gilashi, da Petit Palais da ke kallonsa, da gadar Alexandre III mai dawakan ruwan zinariya, da tashar jirgin ƙasa ta Orsay, da layin farko na jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe ranar 19 ga Yuli 1900.

Abin daɗin shi ne waɗannan suna kusa da juna. Ka sauka a tashar Champs-Élysées-Clemenceau da hantsi, ka shiga Petit Palais, wanda gidan tarihin zane-zane ne. Kayan da ke ajiye a cikinsa na dindindin kyauta ake kallo, kuma akwai ɗan lambu a tsakiya da baranda mai ginshiƙai inda za ka zauna ka huta ba mai korarka. Ka fito ka hau gadar, hasumiya na hannun damanka, ka bi gefen kogin Seine zuwa Orsay, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Tashar ta daina ɗaukar manyan jirage a 1939 saboda dandamalinta ya yi musu gajarta, aka mayar da ita gidan tarihi a 1986, kuma an keɓe shi ga ayyukan 1848 zuwa 1914. Ba wani gini ɗaya a duniya da ya tara zamanin nan kamarsa. Zanen Monet da Renoir da Degas da Van Gogh na sama, kujeru da kabad da tangaran na hawa na tsakiya. A can saman akwai katafaren agogon tashar, fuskarsa gilashi ce, kana tsaye a bayan lambobin kana hango cocin Sacré-Cœur fari fat a kan tudun Montmartre. Zanen da na fi daɗewa a gabansa na Caillebotte ne, na 1875: leburori uku a durƙushe suna kankare daɓen katako na wani gidan masu hali, ba riga, haske na zuba ta taga a kan gadon bayansu, sassaƙen katako a nannaɗe gefe. Idan ana maganar kyakkyawan zamani, waɗannan ukun nake fara tunawa.

Wanda ya fi son ƙere-ƙere a kan zane, Faris ce tasa ba gardama. A gidan tarihin Arts et Métiers jirgin Blériot na rataye a cikin tsohon coci, katako ne da yadi da wayoyi, ka gan shi ka ce keke aka yi wa fukafukai. Ɗakin aikin Marie Curie na nan a unguwar jami'a, ƙarami ne kuma kyauta. A Carnavalet, gidan tarihin birnin, shi ma kyauta, an kwaso shagon wani maƙerin zinariya mai suna Fouquet ɗungurungum, wanda Alphonse Mucha ya tsara a 1901, an sake haɗa shi a ciki. Nansi ba ta da abin da za ta ajiye kusa da waɗannan.

To ina aibin Faris? Na farko, cunkoso. Orsay na karɓar sama da mutum miliyan 3 a shekara, hasumiya kuma kusan ninkin haka. In ba ka sayi tikiti ta intanet ba, layi zai ci maka awa guda ko fiye, kuma ko ka shiga, a gaban zanen Van Gogh ƙeyar mutane da wayoyinsu za ka fi gani. Na biyu, kuma wannan ya fi shafar malamar tarihi, Faris gauraye take. Faffaɗan titunan nan da dogayen gidaje masu launin toka da baƙo ke ɗauka na wannan zamanin ne, yawancinsu aikin gwamnan yankin Faris Haussmann ne tsakanin 1853 da 1870, lokacin sarki Napoléon na uku. Dole ka san abin da kake nema kafin ka tsince shi. Ƙofofin jirgin ƙarƙashin ƙasa da Hector Guimard ya ƙera, koren ƙarfe da ya miƙe kamar karan dawa ya lanƙwasa da fitila a kansa, suna warwatse, kuma wadda ta rage da cikakken rufinta a inda aka fara kafa ta tana can Porte Dauphine, ƙarshen layi na 2. Gidan Castel Béranger na Guimard, na 1898, yana wata unguwa, gidan Lavirotte na titin Rapp yana wata. Dukansu mutane ne ke zaune a ciki, daga waje kawai za ka tsaya ka ɗaga kai. Na uku shi ne tsada, musamman masauki da abinci, wannan kuwa kowa ya sani.

Yanzu Nansi, wadda Faransawa ke rubutawa Nancy. Tana gabashin ƙasar, a yankin Lorraine, awa ɗaya da rabi daga tashar Gare de l'Est a jirgi mai gudu. Labarinta ne ya sa nake son ta, domin shi ne ke bayyana inda arzikin zamanin ya fito. Yarjejeniyar Frankfurt ta Mayun 1871 ta ba Jamus yankin Alsace da wani ɓangare na Lorraine, har da birnin Metz, ga tarar faran biliyan 5. Nansi ta tsira a hannun Faransa, sai ta wayi gari ita ce babban birni na ƙarshe kafin iyaka, tsakaninsu bai kai kilomita 30 ba. Mutanen yankunan da aka ƙwace aka ba su zaɓi: su zama Jamusawa ko su tashi. Dubbai suka tashi, da jarinsu da injinansu da malaman jami'arsu. Garin da yake da mutum kusan 50,000 kafin yaƙin ya kai kusan 120,000 kafin 1914. Cikin masu hijirar akwai wani marubucin takardun gado da ciniki daga Bitche mai suna Jean Daum, wanda ya karɓi wata masana'antar gilashi da ta durƙushe a 1878. Har yau sunan Daum na kan gilashin da ake sayarwa da tsada. Akwai kuma masu narka ƙarfe da suka kwaso masana'antarsu daga Ars-sur-Moselle suka kafa a Pompey, arewa da Nansi kaɗan. Ƙarfen da aka gina hasumiyar Eiffel da shi daga wannan masana'antar ya fito.

Jamusawa sun ja iyakar ne yadda za su kwashe filayen tama da aka sani a lokacin. Ashe akwai wata mai yawa kwance can ƙasa a ɓangaren Faransa, wajen Briey, kuma a ƙarshen shekarun 1870 aka samo dabarar raba irin wannan tamar da fosfaras ɗin da ke sa ƙarfe karyewa. Kafin yaƙi mafi yawan tamar Faransa daga wannan jiha take fitowa, leburori 'yan Italiya ne suka cika ramukan. Kuɗin da ya fito daga nan, da na giya da na manyan kantuna, shi ya shiga aljihun sabbin attajirai masu son gina gidan da bai yi kama da na iyayensu ba. Suka tarar da masu sana'a a shirye. A 1901 masu gilashi da kafintoci da maƙera da magina suka kafa ƙungiyar da ake kira École de Nancy, Émile Gallé na shugaba, Louis Majorelle da Antonin Daum da Eugène Vallin na mataimaka. Salon da suka bi shi ne Art Nouveau, wato sabon salo, amma nasu ya fi na Faris kusanci da gona da daji, domin Gallé masanin tsirrai ne na gaske. A ƙofar ma'aikatarsa ya sa an sassaƙa jimlar da ke cewa saiwarsa na cikin kurmi. Ƙofar tana nan a lambun gidan tarihin garin.

A Nansi ana shiga ciki, kuma wannan shi ne babban bambancin. Gidan Majorelle, wanda wani matashin mai tsara gini Henri Sauvage ya zana masa aka gama a 1902, an gyara shi an sake buɗewa a 2020. A ƙofa za a ba ka ledar da za ka sa a kan takalmi, mutane kaɗan ake bari a lokaci guda. Ka ɗora hannu kusa da makarin bene, za ka ga katakon ya taso daga ƙasa yana murɗawa kamar kututturen da bai san an sare shi ba. A ɗakin cin abinci murhun tangaran na tsaye a tsakiya, an yi masa siffar zangarniyar alkama. Mariƙin ƙofa, ƙugiyar rataye riga, bututun ruwan sama da ke waje, ba wanda aka sayo a kasuwa, kowanne an zana shi don wannan gidan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a unguwar Birni ta Damagaram yana kallon yadda magini ya zayyane fuskar gida tun daga azara har zanko, zai gane irin wannan zuciyar: mutum na son gidansa ya yi magana kafin shi ya buɗe baki.

Tafiyar minti goma sha biyar daga nan sai gidan tarihin École de Nancy, wanda dā gidan wani attajiri ne Eugène Corbin, mai manyan kantuna, shi ne kuma babban mai sayen kayan waɗannan mutanen. An jera kayan ɗaki-ɗaki kamar masu gidan sun fita unguwa. Akwai fitilar Gallé mai siffar tsiron naman kaza uku, ƙarami da matsakaici da wanda ya buɗe, haske na fitowa ta cikin gilashin. Akwai gadon da ya yi a 1904, shekarar da ya rasu, mai suna "Alfijir da Magariba": a wajen kai malam-buɗe-littafin dare ya shimfiɗa baƙaƙen fukafukai a kan ƙauyen da duhu ke rufewa, a wajen ƙafa na safiya ne da ƙwan gilashi a tsakiya. Ba fenti a jikinsa, ƙananan yankan itace ne masu launi daban-daban aka haɗa. Ranar da na je mu biyar ne a ɗakin, har mai gadi ya matso ya nuna mini inda zan tsaya haske ya fi bugun ƙwan. A Orsay ba za ka sami wannan ba ko ka kwana a ƙofa.

Sauran garin da ƙafa ake cinye shi. Kana fitowa daga tasha gidan cin abinci na Excelsior na gabanka, na 1911, da tagogin Jacques Gruber da kujerun Majorelle, kofin shayi ɗaya ya isa ya ba ka damar zama ka ƙare wa rufin kallo. A titin Saint-Georges akwai bankin da Gruber ya yi wa rufin gilashi mai furanni a 1901. A ƙarƙashin gidan zane-zane na dandalin Stanislas an jera ɗaruruwan kayan Daum. Shi dandalin, duk kyansa, na 1755 ne, kada a sa shi a lissafin zamaninmu. Za ka riƙa ganin wani tsiro mai ƙaya a jikin ƙofofi da kofuna. Tambarin garin ne, takensa kuwa shi ne wanda ya taɓa ni zai sha suka, kuma bayan 1871 kowa ya san da wa ake. Mai rarar lokaci ya hau jirgi zuwa Metz, bai kai awa ɗaya ba, ya ga tashar da Jamusawa suka gina a 1908, jibgegiya kamar ganuwa. Shekaru ɗaya, yanki ɗaya, amma kamar ba a ƙarƙashin sama ɗaya aka yi su ba.

Ita ma Nansi da nata rauni. Ƙarama ce, kwana ɗaya da rabi ya ishe ta. Kusan abu ɗaya take nunawa, kayan ɗaki da gilashi da gini, wanda kujera ba ta burge shi zai gaji kafin azahar. Ba majigi, ba jirgin sama, ba tarin ayyukan manyan masu zanen da yara suka gani a littafi irin na Orsay. Da hunturu sanyinta ya fi na Faris cizo, gari kan wuni a lumshe. Kuɗin jirgi mai gudu kuma na iya cinye duk sauƙin da ka samu a masauki da tikitin gidan tarihi, in ba tun da wuri ka sayi tikitin jirgin ba. Sai ranakun rufewa, waɗanda su ne ke yanke hukunci fiye da ra'ayin kowa: Orsay da Petit Palais da Carnavalet ba sa buɗewa ranar Litinin, gidan Majorelle da gidan tarihin École de Nancy kuwa Litinin da Talata duka a rufe suke. Wanda rarar kwanakinsa ta faɗo a waɗannan ranakun biyu, an riga an zaɓar masa Faris.

Akwai abu biyu da littattafan yawon buɗe ido ba za su gaya wa mutuminmu ba. Na farko hotuna. Orsay cike take da zane da gumakan mutane tsirara tun daga bakin shiga, ba yadda za ka kauce musu. Wanda zai je da iyali ko da surukinsa, ya san da wannan. Kayan Nansi mafi yawansu fure ne da bado da mazari da ganye, siffar mutum ba a rasa ba amma kaɗan ce. Na biyu abinci. A Faris naman halal da masallaci ba sa wuyar samu, ga babban masallacin da aka buɗe a 1926 da unguwannin Barbès da Château Rouge. A Nansi akwai su, sai dai sai an tambaya, kuma abincin da yankin ke alfahari da shi tarko ne. Na taɓa shiga wani gidan burodi da yunwa, na nuna wani abu mai kama da wainar ƙwai a cikin ɓawon fulawa. Matar ta dubi hulata ta girgiza kai, ta ce akwai naman alade a ciki. Shi ne quiche lorraine. Wani kek da ake kira baba kuma a cikin barasa ake jiƙa shi. Tsarabar da ba shakka a kanta ita ce alewar bergamote, 'yar murabba'i mai ruwan zuma da ƙamshin lemo.

Na gaya wa ƙanwata wani abu kuma, domin ita za ta tsaya gaban yaran da kakanninsu suka ga ɗaya fuskar wannan zamanin. An buɗe baje kolin 1900 ranar 14 ga Afrilu. Kwana takwas bayan haka, ranar 22, sojojin Faransa suka kashe Rabe a Kusiri, bakin kogin Shari. Shekara guda kafin nan rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta gwabza da Sarauniya a Lugu, ta yi kisan da har yau Birnin Ƙonni ba ta manta ba, kuma a ƙarshen Yulin 1899 ragowar rundunar ta shiga Damagaram. Lokacin da ake ɗora gilashin Grand Palais ke nan. A baje kolin 1889 an kafa bukkoki an zaunar da 'yan Afirka a ciki mutane na zagayawa suna kallo. Ko a cikin Faransa ba kowa ya sha daɗin ba: a Maris 1906 ramin kwal na Courrières ya fashe ya kashe mutum 1,099, a shekarar ne kuma doka ta fara tabbatar wa ma'aikaci hutun kwana ɗaya a mako. Gallé da kansa ya sha tsangwama a garinsu mai cike da barikin soja saboda ya tsaya wa Dreyfus, hafsan Bayahude da aka ɗaure bisa ƙarya a 1894.

A wannan fannin Faris ta fi, kodayake ba da son ranta ba. A gefen dajin Vincennes, kusa da tashar Nogent-sur-Marne, akwai lambun da aka yi baje kolin mulkin mallaka na 1907. Rumfunan ƙasashen na nan, wasu an gyara, wasu itatuwa sun tsiro a cikinsu, ga dutsen tunawa da baƙaƙen sojojin da suka mutu wa Faransa. Kyauta ne, kuma da wuya ka haɗu da mutum goma. Wanda ya ga gadar Alexandre III da safe ya ga wannan lambun da la'asar ya ga abin da zai koyar na zango guda. A Nansi wannan labarin a ɓoye yake cikin kayan kansu, a jan katako da baƙin katakon ƙasashen zafi da aka yi kabad da su, sai mai lura.

Ga yadda na yanke. Wanda wannan ne zuwansa na farko kuma kwana ɗaya gare shi, ya zauna a Faris: Petit Palais da gada da Orsay, ya bar hawa hasumiya, kallonta daga ƙasa ya wadatar. Ba hikima ba ce ka ƙona awa uku a jirgi cikin yini ɗaya tilo alhali ba ka ga abin da ke bakin ƙofarka ba. Mai sha'awar kimiyya da injina, ko mai neman zaren da ya ɗaure wannan zamani da ƙasashenmu, shi ma Faris. Amma kafinta, da mai tsara gine-gine, da maƙerin ƙofofi, da mai ɗinkin da ke neman sabon zane, da duk wanda ya riga ya ga Faris sau ɗaya, ya tafi Nansi kada ya yi shawara da kowa. Ni da za a ce in zaɓi ɗaya in koma gobe, Nansi zan koma, domin a can ne na fahimci cewa ƙasar da aka ci da yaƙi ce ta yi duk wannan ado, da ido ɗaya a kan iyaka. Kusa da gidan Corbin akwai wurin wankan ruwan zafi da aka fara ginawa gab da yaƙi, yaƙin ya tsayar da aikin, ba a kammala shi ba sai a 2023.

Mai kwana biyu cif, in sun faɗo tsakanin Laraba da Lahadi, ba sai ya zaɓa ba. Ya ba Faris rana ta farko, ya ƙare ta a kantin Galeries Lafayette, ya ɗaga kai ya kalli ƙubbar gilashin 1912, aikin Gruber mutumin Nansi. Washegari ya kama jirgin sassafe, ya yi gidan tarihi kafin azahar, gidan Majorelle bayanta da tikitin da ya saya tun kafin ya taso, ya dawo da jirgin dare.

Kwanakin ƙanwata Juma'a da Asabar ne, haka ta yi. Daga Nansi ta turo mini hoton mariƙin wata ƙofa mai siffar reshe, da saƙo a ƙasa: "Yaya, ka tambayar mini maƙerin unguwarmu ko zai iya irin wannan." Na nuna masa a waya. Ya daɗe yana buɗa hoton da yatsu biyu, sannan ya ce zai iya, amma in gaya mata ba kuɗin mariƙi za ta biya ba, kuɗin ƙofa ne.